Hawan Jinin Mai Faci

Maigidana mai faci ne. Tun kafin in san shi yake zaune a bakin titi ƙarƙashin rumfar kwano, da famfonsa, da gwangwanin gam, da wani tsohon baho mai ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tiyub ciki ya nemo huji. Kekuna ubansa yake gyarawa, shi ya ƙara da babura da motoci. Karatunsa bai yi nisa ba, amma a ganinsa duk abin da ke numfashi taya ne. Yaro ya yi kumburin ciki, iska ce ta yi yawa. Tsohuwa ta yamutse, sacewa ta yi. Ni kaina ranar da ya fara zuwa zance wurina, cewa ya yi tafiyata ba ta karkace ba, iskata daidai take. Na kuma aure shi a haka, don haka ba ni da bakin yi wa kowa dariya.

Haka muka yi ta zama, ana haihuwa ana yaye, yana shirmensa ina ƙyale shi, har Auta ta kwanta. Ita ce ƙaramarmu, malamar firamare ce, yarinya mai surutu kamar ubanta. Wani ƙari aka gano mata a mara yana ta zubar mata da jini, har tafin hannunta ya koma fari fat. Likita ya ce sai tiyata, kuma ba za a sa ranar ba sai mun ba da jini leda biyu. Mijinta ya ba da ɗaya. Ni na miƙa hannu, aka gwada aka ce nawa ma da ƙyar yake isata. Maƙwabta kuwa da suka ji zancen allura, kowa sai ya tuna yana da tafiya. Saura leda ɗaya, saura maigida.

Ya sa rigarsa mai kyau muka je asibiti. Wata nas, 'yar siririya mai tabarau, ta naɗa masa abin awo a damtse, ta kama 'yar robar nan tana matsawa. Ina kallon fuskarsa na san akwai magana. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai. Ba za mu ɗiba ba sai ya sauka."

Ya ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, ba yanzu a gabana kika ba ni iskar nan ba? Kin yi ta matsa famfo, kin yi ta matsawa, sannan ki ce na cika?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa yake. Ni da na san shi ban yi ba. Aka haɗa mu da likita, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a sha kullum a dawo. A hanya maigida ya ce da ni, shekara da shekaru yana wannan sana'a bai taɓa ganin tayar da ta cika aka jefa mata ƙwaya ba. Sace ta ake yi.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan maciji. Da safe ya zauna a tsakar gida kan turmi, ya ja numfashi kaɗan, ya saki da yawa ta tsakanin haƙora, sssss, har kajina suka daina zuwa wajen. Ya gama ya danna ƙwabrinsa da babban yatsa, ya gyaɗa kai ya ce ya ɗan yi laushi. Ya ɗauko gejin awon taya ya sa a baki ya hura, gejin ya ƙi motsi, ya ce lalle ya kusa. Ya yi ta laluben cibiyarsa, wai ba yadda za a yi a ƙera mutum ba a sa masa bawul ɗin sace iska ba. Ƙwayoyin kuwa suna kan taga, ko ledarsu bai buɗe ba.

Wata rana na dawo daga kasuwa na same shi tsugune cikin duron ruwan wankina, ruwa har wuya.

"Uwar Auta, zo ki duba mini ta ina kumfa ke fita."

"Malam, ruwan da na tara ne ka shiga?"

"Ki duba mana. In na san inda nake yoyo, sai in taimaka wa wurin."

Kumfa kam ta fito. Ba zan faɗi ta ina ba, amma ruwan dai zubar da shi na yi.

Da muka koma asibiti ya zo da dabara. Nas na naɗa masa abin awo ya fesar da duk iskar da ke ƙirjinsa, ya ƙi jan wata. Idanunsa suka firfito, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya kama kujera da hannu ɗaya. Awon ya zarce na farko. Yana jan numfashi jiri ya kwashe shi, ya zame ƙasa da kujerar gaba ɗaya, hula can, takalmi can. Nas ta tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana kan wani tsari. Ni kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar na yi masa tas, tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gida. Na ce 'yarka na kwance tana ƙarewa, kai kana huci kamar butar shayi. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, don na ga yadda Auta ke dafa bango in za ta banɗaki. Shi ko gezau. Ya ce na'urarsu ce ba ta da saiti.

Auta tana ɗakina a kwance, duk ta ji mu. Ta kira shi, ya shigo ya zauna bakin katifa.

"Baba, sa yatsunka biyu nan, ƙasan tafin hannunka. Me ka ji?"

"Bugu."

"To riƙe numfashinka."

Ya riƙe, kumatu a kumbure.

"Ya tsaya?"

Ya girgiza kai.

"Ka ga ashe ba iska ce ke bugawa ba. Layi biyu ne, Baba. Iska ta hanci take shiga, ta gangara huhu, nan ta tsaya. Jini ne ke zuwa huhun ya ɗauki abin amfanin da ke cikinta, ya sauke dattin da ya kwaso, ka fitar da shi da numfashi. Zuciya kuma ita ce famfon, ita ke tura jinin har ɗan yatsan ƙafa ya dawo, ba ta hutu. Naka hanyoyin jinin ne suka yi tauri suka matse, famfo na ta fama. Ƙwayar nan sassauta su take yi."

Ta tsaya tana haki, don 'yar maganar nan ma ta gajiyar da ita. Ya zuba mata ido.

"To ke da aka ce jini ne ba ki da shi, me ya sa kike haki? Ai wannan rashin iska ne."

"Iska na nan, Baba, ta cika ɗakin. Mai ɗaukar ta ne ya yi kaɗan."

Ya daɗe zaune yana kallon ƙirjinta na hawa yana sauka. Sannan ya tashi ya nufi taga, na bi shi da sauri, Allah ya taimake ni, don ya juye ƙwayoyin duka a tafin hannu zai watsa baki, wai a gama aikin yau. Na ƙwace na ɗaure a bakin zane. Daga nan ni ke ba shi, kullum ɗaya, in tsaya a kansa sai ya buɗe baki na gani. Na rage gishiri a miya, ya yi ta mita yana ci.

Zuwa na uku awo ya sauka. Nas ta ce ya hau gado. Mutumin da ƙusa ta sha huda masa hannu bai ce uffan ba, da ya ga allura sai ya juya fuska bango ya ce in riƙe masa ƙafa. Leda ta cika, ya roƙa a bar shi ya taɓa. Ya ce, "Da ɗuminta."

An yi tiyata lafiya. Da aka fito da Auta, leda na rataye a kanta, jini na ɗiga cikin siririn tiyo zuwa hannunta. Maigida ya tsaya yana nuna wa duk wanda ya wuce, har mai shara, cewa nasa ne. Nas ɗin ta ja shi gefe ta ce masa a hankali, ba nasa ba ne. Irin jininsa da na Auta ba ɗaya ba ne. Wannan na wani ne da ya bayar tun tuni, nasa kuma an ajiye, za a ba wanda ya dace da shi.

"Wane ne ya bayar?"

"Ba a faɗa, Baba."

Na ɗauka zai tayar da rigima, sai na ga ya koma ya zauna. Auta ta warke, ta koma aji, surutu ya dawo har ya fi da.

Kwanan baya na kai masa abincin rana rumfa, na tarar da wani ɗan babur, matashi, yana zazzaga masa rashin kunya, wai facin jiya ya ɗaye, tsoho ido ya mutu. Maigidan da na sani, da tuni ya ɗaga ƙarfen cire taya an taru ana ba shi haƙuri. Sai na ga ya karɓi tayar, ya sake facin tsaf, ya ba ta iska, ya ce da shi ya sauka lafiya. Ni ce ma na hasala.

"Malam, wannan mara kunyar ka ƙyale?"

Yana wanke hannu, bai ko ɗago ba.

"Uwar Auta, jinin wani ne ke yawo a jikin 'yarmu, ban san mai shi ba. Ina na sani ko wannan ne?"