Magen da Ba a Sa a Buhu Ba

Lawan Bakatsine ne, amma Kaduna ce ta cinye masa ƙuruciya. A Kinkinau yake haya, a Kawo yake ajiye akori-kurarsa, kuma abin da ya fi ɗauka shi ne kayan ɗakin mata. Ya kai na amare ana guɗa, ya kwaso na waɗanda aure ya mutu ana cika ana batsewa. Mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf, sai dai sana'a ta koya masa kame baki. Ƙa'idarsa guda ce: ba ya ɗora wa motarsa abin da mutum biyu ke ja.

Ranar da aka kira shi Malali, yana shiga layin ya gane gidan. Shi ya kawo jeren Rahmatu shekarun baya, da ta auri Kabir, wani ma'aikacin gwamnati mai sanyin magana. Allah bai ba su haihuwa ba. Yanzu aure ya mutu, za a mai da kayanta gidan gwaggonta Larai a Badarawa. Ita gwaggon ce ke jagorantar kwasar kayan, kuma ba ta zo da wasa ba. Har ƙusar da aka rataya agogo sai da ta sa aka zare.

Ana janye gado sai ga mage ta fito, fara mai baƙin kunne, ta zauna a tsakiyar ɗakin tana lasar ƙafa. Kande suke kiranta.

"A haɗa da ita," in ji Gwaggo Larai. "Duk abin da ya kwana a ɗakin mace nata ne."

Kabir, wanda tun safe yake tsaye a jikin garu, sai ya matso. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ni na tsinto ta a bayan ofishinmu cikin ruwan sama."

"Wa ya riƙa ba ta madara da cokali har ta rayu?" Rahmatu ce ta tambaya, ba ta ɗago kai ba.

Lawan ya ajiye igiya ya gyara tsayuwa. Ya ga an yi rigima a kan firji, ya ga an yi a kan turmi, amma mage, yau ya fara gani. Da akuya ce da sauƙi, a kai ta kasuwa kowa ya huta. To mage ba a cinikinta, kyauta ake bayarwa. Gwaggo ta ce ya ɗauka, ya ce, "Hajiya, ni ba ni ɗaukar abin da ba a gama magana a kanshi ba."

Kabir ne ya saki. Ya durƙusa ya shafa bayan magen, ya ce, "Ki tafi da ita. Ni wuni nake a ofis, yunwa za ta kashe ta." Gaskiya Lawan ya ji tausayinsa.

Nan da nan Gwaggo ta zaro buhu. Kowa ya san yadda ake sauya wa mage gida: a sa ta a buhu a ɗaure baki, don in ta ga hanya, ko daɗe ko jima sai ta koma inda ta saba. Rahmatu ta ce a bar buhun. Gwaggo ta yi faɗanta har ta gaji ta hau keke napep, ita kuwa Rahmatu ta shiga gaban motar Lawan, ta ɗora Kande a cinya, fuskar magen na kallon taga.

Lawan ya daure har suka fita daga layin, sannan ya kasa.

"Hajiya, kin san fa in ta ga hanya komawa za ta yi?"

"Na sani, Malam Lawan." Ta shafa kan magen, sannan ta ce, "Shi in ya dawo daga aiki ba ya iya yi wa kowa hira sai ita. Don Allah ka tuƙa a hankali."

Bai taɓa jan mota a hankali irin na ranar ba. Masu babur suna ta danna masa oda, bai kula su ba.

Ba a daɗe ba wayarsa ta yi ƙara. Kabir ne, wai Kande ta dawo, ya zo ya kai su Badarawa. Lawan ya ce mota guda don mage ɗaya? Kabir ya ce shi dai ya zo, ba ya son zuwa shi kaɗai.

Ya same shi a ƙofar gida cikin shadda mai guga, rungume da magen. Lawan ya zaro buhu daga bayan kujera ya miƙa masa, yana satar kallonsa.

"Mai da abinka," in ji Kabir. "Ka dai tuƙa a hankali."

Har yau Kande na zirga-zirga tsakanin Malali da Badarawa, kuma har yau ba wanda ya yi maganar komen aure. Lawan bai tambaya ba. Amma duk ranar da ya ga kiran Kabir, sai ya jefa igiyar ɗaure gado a bayan mota kafin ya tayar.