Damunar da Na Buɗe Rumbun Ajiya

Mahaifina ya rasu da rani, ya bar mini gandu ina sabon magidanci. Ƙauyenmu yana kan wani ɗan tudu a fadamar kogin Haɗeja, ta wajen Auyo, kuma a lokacin Turawa ne ke mulki. A gidan akwai ni da matata, da Inna mahaifiyata, da ƙannena, sai Baffa, ƙanin mahaifina, da iyalinsa. Bisa al'ada Baffa ne ya kamata ya riƙe gidan, amma shi masunci ne, rabin shekara a kan ruwa yake yin ta. Shi ya sa kafin mahaifina ya cika ya faɗa a gaban mutane cewa rumbuna su zauna a hannuna. Baffa bai yi musu ba.

Rumbunanmu biyu ne a wannan damuna. Ɗaya na ci, wanda nake ɗebo damman gero daga ciki kowace safiya in bai wa mata. Ɗayan na ajiya ne, an liƙe bakinsa da laka, ba a taɓa shi sai wuya ta kai wuya. Kakar da ta gabata ba ta yi kyau ba, don haka tun damuna ba ta yi nisa ba na fara jin ƙasan rumbun ci da tafin ƙafata. Na san ba za mu kai sabon gero ba sai da na ajiya.

Ga kuma kogi. Ruwan da ke cika fadamarmu ba a kanmu ake yin sa ba, daga yamma yake gangarowa, daga ƙasar Kano. Sai gari ya waye tas, ba ko gajimare, ka je ka tarar ruwa ya ƙaru. Shinkafa tana son ruwa, amma tana so ya hau a hankali, ita ma tana hawa. In ya riga ta, ya shanye kanta, shi ke nan. Mukan kafa sanda a bakin ruwa mu yi mata alama, kuma a wannan shekara kullum na je sai in tarar alamar jiya ta nutse.

Ana cikin haka ɗan kawuna ya iso. Inna a ƙabila Bamangiya ce, daga arewa aka auro ta, can ƙetaren iyaka a ƙasar Faransi, kuma yayanta, wato kawuna, yana can da iyalinsa. Wannan ɗan nasa taubashina ne. Tun muna yara ba mu haɗuwa sai da tsiya, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ya taɓa fizge mini sabuwar hula ran kasuwa ya tafi da ita garinsu, ban kuwa isa in yi fushi ba.

Na hango shi da hantsi yana fitowa daga kwalekwalen fito, na ɗaga murya don mutane su ji.

“A'a, wa nake gani? Bawana ne ya tsinke igiya? Ina hulata, ɓarawo?”

Ya tsaya, ya dafa sandarsa, ya dube ni.

“Na zo, ubangidana,” in ji shi.

Tunda nake da shi bai taɓa yarda shi ne bawan ba, ko da wasa. Da na matso na ga wuyansa ya zama kamar na zalɓe, rigarsa kuma kamar a kan kara aka rataye ta.

Bayan ya sha kunu ya huta, ya ba mu labari a zaure, ni da Baffa. Bara fara ta cinye musu amfanin gona. Bana sun yi shuka ta bushe, sun sake, ta sake bushewa, har iri ya ƙare. Kawu ya sayar da awakinsa. Mata suna tonon gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ta tara, wasu suna jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Bai ce mu ba su komai ba. Cewa ya yi Kawu ya aiko shi ya gaida ƙanwarsa, ya kuma ga yadda damunarmu take.

Da ya shiga wajen Inna, Baffa ya juyo gare ni.

“Na ga idonka. Kada ka soma.”

“Baffa, ban ce komai ba.”

“Ai gara ka ce, in ba ka amsa. Ka je bakin ruwa yau?”

“Na je.”

“To. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. In shinkafar nan ta tafi, me ya rage tsakanin yaran gidan nan da abin da yaron nan ya gama faɗa? Rumbun nan ne kaɗai.”

Na ce mu aƙalla muna da ruwa. Akwai kifi, akwai bado. Su kuwa yashi ne kawai.

Baffa ya yi wata dariya marar daɗi. “Manomi zai koya mini kifi. Ɗana, in ruwa ya cika, kifi bazuwa yake cikin ciyawa, sai ka wuni da koma ba ka kama na miya ba. Bado kuwa babba ne ke jure shi. Ka taɓa ganin cikin yaron da ya yi wata yana cin bado? Ni na gani, kana goye.”

Ya ƙara da abin da ni ma na sani. An yi shela a kasuwar Haɗeja cewa ba a fitar da hatsi zuwa ƙasar Faransi, wanda aka kama kuma a ƙwace kayan, shi a ɗaure shi. Ya ce za mu iya rasa geron, su ma can su rasa, ya ƙare a cikin wani mai tsaron hanya. Sannan ya sassauta murya ya ce ba ƙin surukan yayansa yake ba, mutanen kirki ne, amma Allah ba zai tambaye ni mutanen wata ƙasa ba kafin ya tambaye ni waɗanda ke kwana a bayan dangata.

Har yau in na auna maganarsa ban ga inda ta karkace ba.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama mu yi hira, ba ta kuma taɓa roƙona ko allura ba. Da ƙanena ne ke riƙe da rumbun, da ta kira shi ɗaki ta yi masa kuka an gama. Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba a kwanakin nan. Na ɗauka ta haƙura.

Matata ce ta tare ni a bayan rumbu wata safiya. Ta ce tun ranar da baƙon ya zo Inna ta ce a daina sa mata tuwo, a riƙa ba ta rabonta tsaba, wai cikinta ba ya son tuwo, za ta dama kunu da kanta.

“To, sai me?” na ce.

“Maigida, ba ta hura wuta ba ko sau ɗaya. A tukunya take zubawa, ƙarƙashin gado. Ruwa take sha da ɗan tafasasshen zogale. Jiya da ta tashi daga salla sai da ta dafa bango.”

Na je ƙofar ɗakinta na durƙusa na yi sallama. Ta amsa tana kallon wani wajen. Matata na tsaye a bayana. Na ce, “Inna, an ce ba kya cin abinci.”

Ba ni ta amsa wa ba. Matata ta duba.

“Ke, faɗa wa mutumin nan ban taɓa masa rumbu ba. Cikina ne, ba na gandu ba.”

“Inna, abin da za ki tara ba zai kai su ko'ina ba.”

“Faɗa masa wanda ya goya ni yana cin anza. In ya san yadda ake haɗiye tuwo a haka, ya koya mini.”

Na dubi hannunta a kan tabarma, jijiyoyi duk sun fito. Na san halinta. Ba barazana take yi ba, kuma ba za ta daina ba. Na tashi daga nan da tsoro biyu, kowanne da fuskarsa: na ga ana fita da Inna kafin kaka, na kuma ga yaran gidanmu da kumburarrun ciki. Na je bakin ruwa ko zan sami abin da zai raba mini gardama. Alamar jiya ta nutse, amma shinkafa tana nan, kawunanta a waje, kore shar. Ba ta gaya mini komai ba.

Washegari bayan an karya na jingina tsani, na hau, na fasa lakar da mahaifina ya liƙa da hannunsa. Na riƙa miƙo dammai ƙannena suna karɓa, har na fitar da abin da ya kai kashi ɗaya cikin uku. Matar Baffa tana tsaye a ƙofar ɗakinta da autarta a hannu, yarinyar da ba a daɗe da yayewa ba, tana bin kowane dami da ido.

Baffa ya shigo daga bakin ruwa ya tarar ana sussuka.

“Ka yi?”

“Na yi, Baffa.”

“Wa zai ƙetare ruwa da shi zuwa babban tudu?”

Na ce zan nemi mai fito.

“Mai fito, da bakinsa kamar ganga? Kafin ku kai gaɓa an ji a Haɗeja.” Ya ajiye komarsa. “Ku ɗura a taiki, ku rufe da tabarmi. In za a salwantar da abincin 'ya'yana, ba a cikin kogin nan ba dai.”

Shi ya tuƙa mu da kansa, ta wasu hanyoyi cikin ciyawa da shi kaɗai ya sani, kwalekwalen ya nutse har ruwa na lasar baki. Muka isa tudu, inda na yi jingar jakuna. Taubashina ya kama hannuna zai yi godiya, na ce ya rufe mini baki, ya dai dawo mini da hulata. Ya yi ɗan murmushi, ya kora jakunan suka yi arewa. A ranar Inna ta ci tuwo.

Ba a yi mako biyu ba ruwa ya zo gaba ɗaya. Muka wayi gari fadama ta zama fari fat, babu ko tsinken shinkafa. Ruwan ya hau har gonakin gero na gefen tudu, ya kwanta a gindinsu, wanda ya tsira kuma ya yi jinkirin nuna. Na rage awo, na sake ragewa. Manya suka koma ci sau ɗaya. Duk da haka rumbun ya ƙare gero bai nuna ba, kuma tazarar da ta rage, da na auna ta daga baya, ba ta wuce abin da jakunan nan suka tafi da shi ba.

Muka koma bado. Mata suna shiga ruwa har ƙirji suna tsinko 'ya'yansa da saiwarsa, a shanya in an sami rana, a daka, a tuƙa wani abu mai kama da tuwo. Baffa yana fita tun da asuba, ya dawo da 'yan tarwaɗa da ba su cika tafi ba. Kowace safiya kafin in fita sai na bi yaran gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina duban ƙafafunsu ko sun fara kumbura. Na daina son jin kukan yaro, na kuma fi tsoron in ji shiru.

Autar Baffa ce ta kwanta. Zawo ya fara kama ta, zazzaɓi ya biyo baya. Inna ta riƙa tauna ɗan kifin da aka ba ta tana sa mata a baki, yarinyar tana turowa. Ta rasu ana saura kwanaki kaɗan a fara gasa tumu. Masu zuwa gaisuwa suka ce zazzaɓin damuna ne, ko a shekarar ƙoshi yana ɗaukar yara, kuma gaskiya ne, yana ɗauka. Baffa ya amsa gaisuwar kowa, ya amsa tawa. Bai ɗaga ido ya dube ni ba, ni ma ban nemi ya duba ba.

Labarin arewa sai da rani ya iso, ta bakin wasu fataken kanwa. Sun ce an tare taubashina a hanya, ya bar wajen rabin kayan kafin a sake shi. Sauran ya isa. Kawu yana raye, 'ya'yansa duka suna raye, sun ci wani sun kuma ɓoye wani don iri. Da matata ta kai wa Inna labarin, ta ce alhamdu lillahi a hankali, sannan ta ce kada a ɗaga murya, matar Baffa tana tsakar gida.

Bayan an gama shigar da ɗan abin da aka samu, Baffa ya kira ni zaure. Ya ce yana so a raba gandu, a ba shi gonakin da suka faɗo masa, ya noma da 'ya'yansa, ya yi rumbunsa.

Na ce, “Baffa, in don abin da ya faru ne...”

Ya ɗaga hannu. “Ban ce kai ka kashe ta ba. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Da ka bar uwarka ta mutu ma, da ban ga girmanka ba. Amma ina so nan gaba in na ce a'a, ta zauna a'a.”

Aka kira dattawa aka raba. Ya ja danga ta tsakiyar gidan, ya bar 'yar ƙofa don mata da yara. Da ya tashi ginin rumbun ya aiko ɗansa ya ce in zo in taya shi kwaɓa ƙasa, don shi bai iya ba. Na je da fartanyata, muka wuni muna aiki, muna maganar inda ruwa zai tsaya baɗi.