Kyautar Ruga da Ramin Kaka

Jiya da safe na buɗe ramin takin da ke bayan gidana, sai wani ƙamshi ya taso, irin na ƙasa bayan ruwan farko. Na tsaya riƙe da fartanya ina tuna kakata. In ba ka taɓa sunsuna takin da ya nuna ba, za ka zaci wari nake nufi. Ba wari ba ne.

A ƙauyenmu, can wajen Saminaka ta Birnin Gwari, taki iri biyu na tashi na gani. Na kakana kashin shanu ne. Da an gama girbi makiyaya sukan fito daga daji su sauke garke a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya auna musu dawa. Na kakata kuwa rami ne a gindin ɗorawa. Toka, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida da kashin awaki, duk ciki take zubawa. Ni take aika bakin daji in ɗebo mata busasshen ganye. Takan yayyafa ruwan wanke-wanke ta rufe da ƙasa, ba ta taɓa shi sai ya yi baƙi yana marmashewa a hannu. Da shi take ciyar da ɗan lambunta na bakin rafi, inda miyar gidanmu ke fitowa duk tsawon rani.

Kakana ya raina ramin nan. Yakan ce, "Shara ce kawai kike wa hidima."

Ita kuma ta ce, "To Malam, miyar sharar ce kake neman ƙari kullum."

Kakana yana da amini, wani dattijon makiyayi wanda garkensa ke sauka a gonarmu tun kafin a haife ni. Wata shekara matar ɗansa ta sha wuyar haihuwa, kakata ta tafi ruga ta zauna da ita har ta miƙe. Bayan suna sai ga jaki a ƙofar gidanmu, mangalarsa cike da ɗanyen kashin shanu. Ɗan aiken ya ce na Inna ne, wato kakata, saboda lambunta.

Kakata ta yi godiya, ta ce a juye mata a rami. Kakana ya ce sam. Hanyar ruga ta gefen lambun ta bi, in amininsa ya wuce bai ga kyautarsa ba, ko ya ji an haɗa ta da shara, zai ɗauka an raina shi. Daga nan, in ji shi, abota za ta yi sanyi, garke ya koma gonar wani. Ita kuma ba ta daɗe da dasa tattasai da tumatir ba, kuma iyakar irin da take da shi ke nan.

Ta ce, "Ɗanye ne, Malam. Zai ƙone min dashe."

Ya ce, "Taki aka kawo miki, ba garwashi ba."

Ba su daidaita ba aka yi rasuwa a Damari, kakata ta tafi ta'aziyya. Kakana bai sa ni ba, dole in faɗi gaskiya. Ya dai ce a gabana, da yana da jika mai zuciya da tuni an gama aikin nan. Ni kuwa ina da son yabo, kuma na ji abin da kakata ta faɗa da kunnena. Na ɗauki kwando na bi dashen ɗaya bayan ɗaya, ina tula musu kashin har gindi.

Ba a jima ba ganyen ya fara rawaya daga baki, ya yanƙwane kamar an kara shi a wuta. Gara ta shigo. Inda ruwa ya taɓa kuma sai ga ciyayin da ba mu taɓa gani a lambu ba, irin na daji, waɗanda shanun suka ci 'ya'yansu. Da kakata ta dawo ta daɗe tsaye tana kallo. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "Angona, sannu da aiki. Bana sai ka saba da miyar kuka."

Ana cikin haka dattijon ya biyo hanya da sandarsa a kafaɗa. Ya leƙa lambun, ya tambaya wa ya zuba kashin ɗanye. Kakana ya ce don ya ga an girmama kyautarsa aka yi.

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Haba aminina. Ai don raminta na aiko. Na gonarka rana ce ke dafa shi rani guda kafin ka yi shuka, ka manta? Shekarunka nawa kana noma, Bafillace ne zai koya maka?"

Miyar kuka muka sha har ruwa ya sauka, kuma duk ranar da aka ajiye kwanon ba na iya ɗaga ido in dubi kakata. Tun daga shekarar, in garke ya tashi, kakana da kansa yake tsince wani kaso na kashin ya kai mata rami. Bai daina kiransa shara ba har ya rasu.

Yanzu garke ba ya kwana a gonarmu, mu ma mun dawo cikin gari. Dajin da nake shiga ɗibar ganye ba zan iya aika ɗana ko bakinsa ba. Ban san inda zuriyar dattijon nan ta nufa ba, Allah ya sa suna lafiya. Takin zamani ya fi ƙarfina, shi ya sa na haƙa nawa ramin. Kwanakin baya maƙwabcina ya kawo min kashin kaji kyauta. A gabansa na juye shi cikin ramin, na gaya masa dalili, ya ce shi ma haka yake yi.

Gaggawar dai ba ta sake ni ba. Jiyan da na tona, saman ne kawai ya nuna, cikin yana nan da zafinsa. Dashena yana jira, raina yana cewa in ɗiba haka nan. Na yayyafa ruwa, na mayar da ƙasar na rufe.