Malam Sada da Kwalbar Man Lensi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Malam Sada ruwan sha a Batsari ya san ba godiya zai fara ji ba. Sai ya karɓi moɗar, ya karkata ta wajen haske, ya ƙanƙance ido, sannan ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalba ya tsiyaya kaɗan ya toshe. Bayan nan ya yi bismillah ya shanye sauran tas. Na taɓa ce masa, "To kai Malam, in kana zargin akwai ƙwari ciki, mi ya sa ka sha?" Ya ce, "Ƙishirwa nake ji, Isiya. Su kuma waɗanda na ɗiba, gaisawa kawai za mu yi."

Ni ɗan gwaggonsa ne, wato taubashina ne, shi ya sa nake iya gaya masa abin da wani bai isa ba. Kimiyya ya koyar a sakandare a Safana har ya yi ritaya. Abokan aikinsa suka sayi shanu, wasu suka buɗe shago, shi kuwa ya dawo gida da tsohon madubin duba ƙwayoyin cuta da ya samo a gwanjo, ya ware masa ɗaki guda. Matarsa Hajara ba ta shiga ɗakin nan ko da tsintsiya.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne lensi, ɗan guntun ƙarfen nan mai gilashi a baki da ake ɗaurawa a ƙasan madubin. Tsofaffi yake tarawa. In an kawo masa ɗaya, sai ka rantse saniya zai saya a kasuwa: ya haska shi da tocila ya ga ko funfuna ta ci gilashin, ya juya shi ya nemi ƙarzuwa, ya girgiza shi a kunne, har sansana shi yake yi. Galibi sai ya ture ya ce, "Wanga ya sha duniya, a bar shi ya huta."

Rannan wani tsohon ɗalibinsa mai sayar da kwancen kayan asibiti a Kano ya aiko masa da wani lensi mai nauyi, da ɗan zobe da ake murzawa a wuyansa. Wayyo, zo ka ga murna! Malam ya ce irin wannan ba ya aiki sai an ɗiga masa wani mai na musamman, wai shi man silikon, tsakaninsa da abin da za a duba, kuma in lafiyarsa ƙalau, har cikin cikin halitta mai rai yana nunawa. Sai dai fa ba a san ko ƙalau ɗin yake ba, don man bai zo tare da shi ba. A wannan shekarar ce kuma likitan ido a Katsina ya gaya masa ganinsa tafiya yake yi, ba zai dawo ba. Malam bai damu da a tausaya masa ba. Abu ɗaya ya sa a ransa: ya leƙa ta cikin lensin nan ya yanke masa hukunci da idonsa, kafin idon ya rufe.

Da muka ga jiran man ya yi tsawo, muka shiga ba shi shawara. Na kawo masa man gyaɗa a murfin kwalba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ƙuli-ƙuli ka ga ina toyawa?" Hajara ta ce ga man zaitun da aka kawo mata daga Makka, mai albarka. Ya ce, "Albarkarshi daban, kaurinshi daban." Abin haushin ma, yana da man madubi na yau da kullum a ɗakin, amma ya ƙi ko gwadawa. Wai in ya sa man da ba nasa ba hoton ya fito da hazo, zalunci ya yi wa lensin, ya yi masa shari'a babu shaida. Kai, Malam Sada da taurin kai!

Ba ya kuma yarda ya bar shi a gida. A cikin tsohuwar safa ƙafa ɗaya yake naɗe shi ya sa a aljihu, don ya ce sayen akwati almubazzaranci ne tunda ɗayar safar ta riga ta ɓace. Wata rana na goya shi a babur za mu ta'aziyya Runka, 'yan sintiri suka tare mu a shinge. Kun san yadda hanyar nan take, ba a wasa. Aka laluba Malam, sai ga ƙarfe mai sheƙi a cikin safa.

Babbansu ya ce, "Baba, wannan na wace bindiga ne?"

Malam ya sauko daga babur ya gyara hula ya ce, "Madalla da tambaya. Ku matso."

Jama'a, darasi ya buɗe musu a tsakar rana! Ya faro daga yadda haske yake karyewa in ya shiga ruwa, yana zane a ƙasa da tsinke, yana cewa wancan na baya ya maimaita. Motoci suka yi layi. Can babban ya haɗa hannu ya ce, "Don Allah Malam ku wuce, mun yarda." Malam ya ce, "Ina! Ai ban kai ga bayanin man ba tukuna." Daga ranar, da sun hango mu suke ɗage shingen tun ba mu iso ba.

Man bai iso ba sai da damina ta yi nisa. Da ɗalibin ya bugo waya ya ce ya ba direba saƙon, Malam ya matsa lallai in kai shi Babban Duhu ya ɗebo ruwan wani tafki, don a cewarsa halittun can sun fi na Batsari ƙiba. Juma'a ce. Muna can direban ya kawo saƙon, ya tarar da yayan Malam, Alhaji Mamman, zaune a zaure da dattawan unguwa suna shirin masallaci. Alhaji ya kwance takarda ya ga 'yar kwalba mai kyau da mai fari tas a ciki. Tsaraba daga Kano, ranar Juma'a, a ƙaramar kwalba, me za ta zama in ba turare ba? Kuma kun san ba a buɗe turare a gaban mutane a shafa shi kaɗai. Ya tsiyaya a tafin hannu, ya miƙa wa na kusa, aka yi ta zagayawa.

Muna sauka daga babur muka tarar da gemu na ta ƙyalli. Alhaji ya ce, "Sada, yaron nan naka ya kyauta. Sai dai turaren mai sanyi ne, a hankali yake tashi." Wani tsoho ya sansana hannun rigarsa ya ce, "Irin na manya kenan, ba ya hayaniya." Babu wanda ya ji ƙamshin komai, babu kuma wanda ya yarda ya fara faɗa.

Malam ya karɓi kwalbar ya ɗaga. Ɗan abin da ya rage ko gindinta bai rufe ba. Na zaci ranar za a ji mu har bakin kasuwa, amma yayansa ne, ga kuma dattawa. Sai ya toshe kwalbar ya ce, "Yaya, Allah Ya karɓi ibada. Sai dai ku yi hattara wajen sujada, santsi gare shi."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi bai yi ba, kuma da na lura da yadda yake laluben ƙofar ɗakinsa da hannu, tawa dariyar ta tsaya.

Washegari da hantsi ya sa na fito da madubin tsakar gida inda haske ya fi yawa. Ya ɗaura lensin, ya ɗiga ruwan tafkin, ya rufe da ɗan fallen gilashi, ya karkata kwalbar man ya jira har ɗigo ɗaya ya sauko. Ya sa ido. Ya murza, ya sake murzawa, ya koma ɗaya idon, ya goge shi da gefen riga. Hajara na tsaye bakin madafa da ludayi a hannu, ta kasa komawa ciki. Can ya ɗago ya ce, "Isiya, zo ka zauna nan."

Ni da ban taɓa yarda na leƙa abin nan ba sai don tsokana, na zauna na sa ido. Ya kama hannuna ya ɗora a kan abin murzawa. Da farko hazo kawai na gani, sai kuma kwatsam ga ta. Na ce, "La ilaha illallahu! Malam, ga wata aba kamar silifa, duk jikinta gashi, tana ta iyo!"

"Gashin, ɗaya-ɗaya kake ganinshi ko a cakuɗe?"

"Ɗaya-ɗaya, har kaɗawa yake."

"Cikinta fa?"

"Akwai 'yan ƙwayoyi kore-kore suna zagayawa."

"Bakin jikinta akwai ja ko shuɗi da ya fita waje?"

"Babu. Tas take."

"Kada ka yi mani ƙarya don ka ji tausayina, bawan banza."

"Wallahi Malam, ko ƙwayar cikinta ina iya nuna maka."

Ya jingina da bango, hawaye na bin fuskarsa, yana murmushi. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Hajara, kin ji ko? Lensin lafiyarshi ƙalau. Ni ne na tsufa." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce kada in ɗago, in ci gaba da gaya masa inda ta nufa. Haka muka zauna, ina gani yana saurare, har ruwan ya bushe.

Bayan an gama girbi ya rasu. Ina kewarsa ƙwarai, fiye da yadda na taɓa zaton mutum zai yi kewar wanda kullum suke faɗa. Ya Allah, bawanKa Sada ya ƙare rayuwarsa yana mamakin ƙananan halittunKa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna ya duba da kansa. Amin.