Kwanon da aka ware mini

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko wayata ce ta lalace, ku yafe ni. Waya lafiyarta lau, mai ita ne ya kwanta.

Abin ya fara da wani tabo mai ƙaiƙayi a cinyata, kamar makero. Na shafa magani, ya yi kamar zai tafi, sai ya dawo da 'yan'uwansa a baya da ciki.

Ina saurayi na taɓa aikin niƙan dutsen zinare wajen Sunke. Mu kuwa nan, tun abin da gubar dalma ta yi wa ƙauyukanmu, ko ciwon kai mutum ya yi sai a ce dalma ce. Na je Anka aka ɗebi jinina, aka ce ba ita ba ce. Ban yarda ba. Na koma gida ina ta ɗirkar jiƙe-jiƙen wanke guba, damina ta wuce, wata ta zo.

Sai ciwon ya hau hannuna. Fatar ta yi kauri, tana saɓa, tana tsagewa.

A unguwarmu a Adabka muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Baffa, ƙanen mahaifina, a haɗa a ci tare. Tun da na yi aure nake zama a tabarmar nan. Rannan na miƙa hannu cikin tuwo, sai na ga hannuwa suna janyewa. Washegari na tarar an ɗebar mini nawa a ƙaramin kwano, an ajiye gefe.

Baffa ya ce, "Bello, kak ka ji haushi. Bari dai mu ga mi na wanga abu."

Babu wanda ya furta kuturta, amma ita ce a fuskar kowa. Wallahi na ji haushi, kuma na ji tsoro, don ni ma ita nake zargi. Na daina fita. Na koma cin abinci ni kaɗai a zaure.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko zama kusa da ni ba ta yi, saboda kunya. Wata rana da la'asar ta shigo zauren, ta zauna, ta jawo kwanona ta sa hannu.

Na ce, "Inna, ba a san ko ana ɗauka ba."

Ta ce, "In ana ɗauka, in ɗauka. Ci, Bello. Gobe kuma ka tahi asibiti."

Kuka ya ci ƙarfina.

A Gummi wani ma'aikacin lafiya ya sa na rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da auduga. Duk inda ya taɓa ina ji. Ya ce da wuya kuturta ce, ya tura ni Sakkwato. A can aka yanki 'yar fata aka kai gwaji, sakamakon bai nuna komai ba, aka sake yanka. Tsakanin kuɗin mota, gwaji da magani, babur ɗina ya tafi, tumakin matata suka bi shi.

Daga ƙarshe likitar fata ta zaunar da ni ta ce ciwon daji ne, irin wanda ake kira limfoma.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ƙwayoyin da ke tsaron jiki suna aika wa juna saƙo. Wasu daga cikin nawa sun lalace, sun tare a fata, suna ta aika saƙon neman agaji kamar mai ihun gobara alhali babu wuta. Masu lafiya su taho da gudu, fata ta kumbura, ƙaiƙayi ya tashi. Kuma lalatattun suna aika wani saƙon da ke kashe wa masu lafiyar gwiwa, su kasa yaƙar su.

Abu ɗaya na tambaya: "Likita, ana ɗauka a kwano?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Ka ci da kowa."

Ban san ko murna zan yi ko baƙin ciki ba.

An ba ni man shafawa, da ƙwaya, da wata allura da ke farkar da ƙwayoyin tsaron jikin masu lafiya. Allurar nan ba ta da daɗi, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar an yi mini duka. Na rame har wandona ya daina zama. A hankali ƙaiƙayin ya ragu, hannun ya rufe. Likita ba ta ce na warke ba, ta ce ya lafa, kuma yana iya dawowa. Har yanzu duk safiya sai na duba jikina.

Na gode wa Allah. Na gode wa matata da ba ta taɓa yi mini gorin tumakinta ba, da ma'aikatan da suka jure tambayoyina.

Don Allah, tabon da ya ƙi jin magani ku kai shi wurin likitan fata. Ba kowane ciwo ne dalma ba. In gwaji na farko bai nuna ba, ku koma. Kuma kafin ku ware wa mutum kwano, ku raka shi asibiti.

Baffa ya aiko in koma ciyayya, na koma. Har yau akwai mai ci daga can bakin kwano, ina gani, ina cin tuwona.

Jiya na ɗauki tuwona na kai ɗakin Inna, na ce mu ci. Ta juya mini baya, ta ce wa matata, "Hwaɗa ma wancan ya tahi wurin maza, mi yaka nema nan?"

Ta koma ba ta faɗin sunana. Jiyan nan ne na yarda na samu sauƙi.