Tsoho Mai Akwatin Hoto a Ruwan Lobe

Daga inda Ndome take gasa kifi a gindin magangarar ruwan Lobe, ɗuwawun tsohon nan kawai take hangowa. Ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle a bayan akwatin hoto mai ƙafa uku, feshin ruwa na dukan wandonsa. Tun safe bai latsa komai ba. Wai fim ɗaya ya rage masa, yana jiran gajimare ya rufe rana. Ita dai ta yanke cewa matarsa ce ta koro shi, har da akwatin.

"Baba, ɗauka mana! Ruwan ba zai tsaya maka ba."

"Wa ya ce ya tsaya?"

"Duk wahalar nan, kuma an ce hoton ba kala?"

Ya zaro kai, gemu sharkaf. "'Yar nan, ruwa fari, dutse baƙi. Ni zan ƙara wa Allah fenti?"