Baƙon da Aka Binne Cibiyarsa a Funtua

Mu huɗu ne a ɗakin da aka gina don mutum biyu, kuma ba wanda ya taɓa yin ƙorafi. Jami'ar ta gwamnati ce, irin wadda ɗan manomi ke shiga ba tare da ubansa ya jinginar da gona ba. Ni daga Tsiga na fito. Ranar da na fara zuwa, akwatin ƙarfe a ka, ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu, na tarar da wani dogon saurayi a gadon sama yana karatu. Ya leƙo, ya ji yadda na yi sallama, ya ce, "Wannan bakin na wajen Bakori ne. Shigo, ɗan gida."

Haifaffen Funtua ne. Iyayensa Yarabawa ne da suka zo tun suna amarci. Ubansa ya yi ta tuƙin motar auduga har Allah ya yi masa rasuwa, aka rufe shi a garin. Uwarsa na da rumfar kwanuka a kasuwa, kowa Iya yake ce mata. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yarbanci kuwa yana ji, amma in ya ce zai mayar, Iya har riƙe ciki take don dariya.

Shi ya nuna mini layin karɓar tikitin abinci, da famfon bayan ɗakin karatu wanda ba ya ɗaukewa, da malamin da ba a shiga ajinsa a makare. Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. Muna da ƙungiyar ɗaliban yankinmu, 'yan Funtua da Malumfashi da Bakori da ƙauyukansu, amma kafin zuwansa suna ce kawai. Shi ya riƙa bin ɗakuna yana tattara mu. Shi ke nemo motar da za ta kwashe mu gaba ɗaya in an yi hutu. Shi ya kawo shawarar mu riƙa koyar da 'yan sakandare lissafi da Turanci a dogon hutu, ya je da ƙafarsa ya roƙi wani hedimasta ya ba mu aron azuzuwa. Ba ya riƙe da muƙamin komai. Ba wanda ma ke son muƙamin, don babu abin da ke ciki sai wahala.

A shekararmu ta uku aka yanka mana sabuwar jiha. Nan da nan aka fara raɗe-raɗin cewa manya za su riƙa kiran shugabannin ɗalibai, kuma duk wanda aka san fuskarsa ba zai rasa kujera ba in ya gama. Ƙungiyar da a da sai an yi roƙo ake zuwa taronta, ranar zaɓe har a taga mutane suka zauna.

Asabar ce, bayan la'asar, a wani ajin lacca. Da aka zo kan shugaba na miƙe na ambaci abokina. Aka yi tafi. Tafin bai gama mutuwa ba wani ɗan ajin ƙarshe mai karatun lauya ya ɗaga hannu. Ɗan wani babban dillalin hatsi ne a Malumfashi, kuma ban taɓa ganinsa da alli a hannu a darasin hutu ba.

Ya ce, "Jama'a, ba ni da komai da wannan bawan Allah. Mutumin kirki ne, ya taimake mu. Amma ƙungiyar nan ta 'yan ƙasa ce. In manya suka tambaye mu shugabanku ɗan gidan wa ne, me za mu ce? Baƙo raɓa ne."

Na ce, "Wane ne baƙon? A Funtua aka binne cibiyarsa. A Funtua kabarin ubansa yake. Kai da ka yi firamare da sakandare a Kaduna, sau nawa ka kwana a Malumfashi bana?"

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. "Malam, ba maganar kwana ake yi ba. Maganar asali ce. Bari ya faɗa mana garin kakansa."

Na juya ina neman wanda zai kama mini. Ga wanda abokina ya goya a keke zuwa asibitin makaranta ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Ga wanda ya kwana wata guda a katifarsa kafin ya sami gado. Ga wadda ya zauna da ita yana warware mata lissafi har ta tsallake jarrabawar da ta kusa korarta. Ɗaya na kallon silin, ɗaya na gyaran agogo. Wani ɗan ƙauyenmu ya ja mini riga yana raɗa, "Zauna mana, kada ka ɓata da manyan gobe."

Ban zauna ba. Na ce musu kaji ne, sun ci sun goge baki. Na ce in asali ake bi, kowa ya tashi ya faɗi inda kakansa ya fito mu ji, don na san rabin ɗakin daga Barno ko Gobir ko wani dajin aka taso. Aka fara ihu. Shugaban zaɓe ya yi ta bugun tebur yana cewa in janye kalamaina.

Abokina ne ya tsayar da abin. Ya miƙe a hankali ya ce, "Na gode wa wanda ya ambace ni. Na janye." Ya ɗauki littafinsa ya fita. Na bi shi. A hanya ina ta zage-zage har muka kai ƙofar ɗaki. Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada Iya ta ji."

Da hutu ya zo, sabon shugaba, wato lauyan, bai san inda ake neman mota ba. Abokina ne ya sake nemo ta. Na ce masa, "Wallahi ba ka da zuciya." Ya ce, "Akwai sababbin ɗalibai, ba su san hanya ba."

Al'adar Iya ce duk ranar da motarmu za ta iso Funtua ta tare mu a tasha da abinci. Ranar ma tana nan, da babbar roba ta dafa-duka da soyayyen kifi. Tana ta sa albarka tana zuba wa kowa. Da ta ji an ce ga sabon shugaba, ta zaɓo masa tsoka mafi girma, ta ce, "Ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Ka riƙe mini ƙannenka da kyau." Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Amin, Iya." Ya cinye tas, har da tanɗe yatsa. Ta miƙo mini nawa na ce cikina ke ciwo.

Ba a ƙara yin darasin hutu ba. Yara suka yi ta zuwa suna zama a gindin bishiya, har suka gaji suka daina.

Da muka gama, ni aka ɗauke ni koyarwa ba tare da wata wahala ba. Shi da ya fi ni sakamako nesa ba kusa ba, aka ce masa sai dai aikin kwantiragi, irin wanda ake ba wa baƙi. Malamin lissafi, a lokacin da makarantunmu ke neman malamin lissafi ido rufe! Ya haƙura ya tafi kudu, garin dangin ubansa da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Na kai masa ziyara sau ɗaya. Ɗalibansa na can Bahaushe suke ce masa, suna kwaikwayon yadda yake magana in ya juya baya.

Iya ta ƙi binsa. Ta ce ita ba ta san kowa a can ba, kuma wa zai riƙa kai wa kabarin mijinta ziyara? A Funtua ta ƙarasa kwanakinta. Mu muka yi mata salla muka kai ta, shi kuwa yana kan hanya, bai iso ba sai washegari.